Abin da Na Zana a Allon Trikania

Bulus, kai na fi nufa da wannan babin, ko da yake ina so Saratu da Nuhu su ma su karanta. A Kirsimetin da ya wuce ina kishingiɗe a barandar gidanka na ji kana gaya wa matarka cewa da ba don bakin Baba ba, da yanzu kai Kanal ne. Ka ɗauka barci nake yi. Idona ne kawai a rufe. Ban tanka maka ba saboda ranar biki ce kuma jikokina suna wasa a tsakar gida, amma na koma gidana a Narayi raina a ɓace, na yi kwana biyu abinci ba ya shiga. Fiye da shekara ashirin kuna ɗauke da labarin da mutanen garinmu suka ba ku, wai ubanku ya tashi cikin taro ya ci mutuncin babban mutum saboda hassada. Babu ɗayanku da ya taɓa zama ya tambaye ni yadda aka yi, ni kuma girman kai ya hana ni in fara. To ga shi a rubuce, tunda ƙarfina ya fara ƙarewa kuma ba na so in tafi in bar ku da ƙaryar wasu.

Kun san na yi aikin sojan ruwa, amma ba ku san abin da nake yi a cikin jirgi ba. Ni ban riƙe bindiga ba. A jirgin sintirinmu wurina wani ɗan lungu ne a bayan matuƙi, gaban na'urar da ake kira rada. Gilashi ne zagayayye kamar faranti, da wani zaren haske kore yana juyawa a kansa ba hutawa. Na'urar tana harba wani abu da ido ba ya gani, in ya bugi jirgi ko kwalekwale a kan ruwa ya dawo, sai ɗigo ya fito a gilashin. Mu muna tsakiya, duk abin da ke kewaye da mu yana fitowa a matsayinsa, ko da hazo ne ko ruwan sama ya rufe ko'ina. Ganin ɗigo kowa zai iya. Aikin shi ne a san ko mene ne. Ina da fensir mai maiko da nake sa wa ɗigon alama a kan gilashin, in jira minti uku, in sake sa wata, in sake jira. Tazarar da ke tsakanin alamomin ita ke nuna gudunsa, layin da suka bi kuma ya nuna inda ya dosa. In ɗigo ya tsaya a gefe ɗaya bai karkata ba, amma yana ta matsowa tsakiya, to kanka yake zuwa. Ɓarayin mai da 'yan fashin ruwa suna hawa jirage masu manyan injuna bibbiyu, alamominsu tsalle suke yi a gilashi. Kwalekwalen katako kuwa ɗigonsa dishi-dishi ne, ya fito ya ɓace, yana jan jiki. Daga nan sai in gaya wa mai jirgi: wannan barazana ce, wancan ba komai ba ne. Da maganar bakina ake ɗaga bindiga ko a sauke ta. Na iya aikin nan, ba yabon kai ba. Kwanaki Nuhu ya nuna mini a wayarsa cewa na'urorin yanzu da kansu suke bin ɗigo su yi lissafin, har su ce wanne ne ya fi hatsari. Na ce masa madalla, amma a zamanina ma ba lissafin ne ya gagare mu ba.

Mai jirginmu a lokacin Laftanar Dauda ne, wanda kuka sani daga baya da Kwamanda Dauda. Ƙauyensu da namu kasuwa ɗaya muke ci. A can kudu, cikin mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba, mu biyu ne kaɗai masu yare ɗaya, kuma in ba kowa a kusa yakan kira ni ɗan gida. Na so shi, wannan ma ku rubuta. Mutum ne mai kuzari da son ci gaba, sai dai ba ya jure a yi masa faɗa. Mako biyu kafin abin da zan faɗa, ɓarayin mai sun kuɓuce mana a bakin wani kogi, babbanmu ya wanke shi tas a gaban ƙananan sojoji. Tun daga ranar ya zama kamar wanda aka zuba wa barkono a riga.

Da safe ne, ranar kasuwar wani gari da ke bakin kogin. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko goshin jirginmu ba a gani sosai. Ruwan sama yakan cika gilashin rada da ƙura-ƙura, sai na murɗa maɓallin da ke rage shi, ɗigo ɗaya ya fito ta hannun hagu. Na sa masa alama. Na jira, na sake sawa, har sau huɗu. Alamomin a manne suke da juna, gudun bai fi na mai keke ba, kuma layinsu yana gitta gabanmu ne zuwa mashigar kasuwa. Laftanar Dauda ya zo ya tsaya a kaina yana numfashi.

Na ce, "Oga, jirgin katako ne, a hankali yake tafiya. Ba wajenmu ya nufa ba, kasuwa za shi."

Ya ce, "Su ne. Dabararsu ke nan, su rage gudu cikin ruwan sama su wuce mu."

Na ce, "In ma su ne, a wannan gudun ba za su tsere mana ba. Mu matsa mu gani da ido."

Ya ce, "Ishaku, kai ne mai jirgin nan ko ni?"

Ya sa aka busa jiniya, ƙarar ruwa ta haɗiye ta. Ya kira ta rediyo, alhali ya san kwalekwale ba ya ɗaukar rediyo. Da ba a amsa ba sai ya tambaye ni kusurwa da nisa, ni kuma bakina ya faɗa masa kafin hankalina ya gane abin da zai yi da su, domin haka aka horar da mu. Ya miƙa wa mai bindiga. Na yi wa Dauda ihu da yarenmu, na ce mata ne, 'yan kasuwa ne. Bindiga mai jigida ta riga ta fara. Da muka ƙarasa wurin, abin da muka fara gani kwanduna ne suna yawo a kan ruwa, da ayaba, da busasshen kifi, da wata shuɗiyar roba ta wanka tana juyawa. Mata biyar suka mutu, da dattijon da ke tuƙa su. Biyu muka ciro da rai. Ɗaya daga cikinsu tana kwance a kan benen jirginmu ba ta yi kuka ba, ido kawai ta zuba mana ɗaya bayan ɗaya. Ba mu sami ko wuƙar yanka kifi a cikin kwalekwalen ba.

Kafin mu isa sansani, Laftanar Dauda ya ciro hankicinsa ya goge alamomina huɗu daga gilashin, ina kallo. Washegari ya kira ni ofis ya tura mini rahoto. An rubuta cewa rada ta nuna jirgi mai tsananin gudu yana zuwa kanmu kai tsaye, an yi masa gargaɗi ya ƙi, daga cikinsa aka fara harbi, kwalekwalen mata kuma tsautsayi ne ya sa ya shiga tsakani. Akwai wurin sa hannun mai kula da rada. Da yarenmu ya yi mini magana, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Ɗan gida, soja ke mulki, ba wanda zai tono wannan. In kuwa ka ƙi, mu biyu za a gurfanar, kuma kai ka ba da kusurwar. Wa zai riƙe maka Bulus da Saratu?"

Na sa hannu. Ba wanda ya ɗora mini bindiga a ka, ba wanda ya mare ni. Biro ya miƙo na karɓa. Aka yaba masa, aka ƙara masa girma. Ni kuwa na ƙara shekara biyu ina zama gaban gilashin nan ina jin ƙyamar kaina, sannan na ajiye aiki na dawo Kaduna wajenku, na sami aikin gyaran wuta a wata masaƙa a Kakuri. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku Rifkatu.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa wa farar hula mulki, ku kanku kun tuna yadda unguwanninmu na ƙetaren kogi suka zama. Kowane bango da fasta, kowane mai shayi ya zama masanin siyasa, tun daga Narayi har Rido ana ta kafa ƙungiyoyi. Ni ma na yi murna. Na ɗauka lokaci ya zo da mai kaki zai daina yin abin da ya ga dama. Cikin wannan hayaniya Dauda ya ajiye kakinsa yana Kwamanda, ya ɗinka babbar riga, ya dawo neman kujerar majalisa ta yankinmu na gida. Ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kaduna ita ce ƙofar da dole ya bi, domin abin da muka yanke a birni shi ake ɗauka a ƙauye, shugaban ƙungiyar kuwa yayana ne, Markus. A liyafar tarbarsa Dauda ya rungume ni a gaban jama'a, ya tambayi lafiyar yara da sunayensu. Da ya ji Bulus yana neman shiga makarantar horar da hafsoshi, ya ce a kawo masa takardar, yana da mutane a can. Har na fara gaya wa kaina cewa abin da ya wuce ya wuce. Sai ya karɓi lasifika. Ya fara ba da labarin ranar da ya murƙushe 'yan fashin teku cikin ruwan sama, yadda na'ura ta nuna su sun taho a guje, yadda shi bai girgiza ba. Ya nuno ni da yatsa ya ce ga shaidarsa nan, Ishaku ne ya hango su. Mutane suka juyo suna tafa mini. Wata tsohuwa ta yi mini guɗa. Yaya Markus ya sanar a take cewa ranar Lahadi mai zuwa, a taron da ƙungiya za ta ba Dauda goyon baya a unguwar Trikania, ni zan tashi in ba da shaidar jarumtakarsa.

Shekara shida ina ɗauke da matan nan shiru, ina ganin shirun ma wani nau'in kunya ne da mu biyu muke ji tare. Ashe shi abin ado ya mai da su.

Ranar Litinin da na taso aiki na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana regayar acca. Na jawo kujera na zauna na gaya mata komai, tun daga ɗigon har biro. Ba ta ɗago ba sai da na gama. Hannunta yana cikin ƙwarya, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta.

Ta ce, "Baban Bulus, shekara shida?"

Na ce, "Shida."

Ta ce, "Yanzu me kake so ka yi?"

Na ce, "Ranar Lahadi zan faɗi abin da na gani."

Ta ce, "Lokacin da faɗa zai yi wa matan nan amfani ka yi shiru. Yanzu da shiru zai yi wa ɗanka amfani kake son magana. Kai wane irin mutum ne?"

Ta aika aka kira Yaya Markus, ya zo a kan babur ɗinsa kafin rana ta faɗi. Na ɗauka in ya ji zai kaɗu. Ya saurara yana kaɗa makullin babur a yatsa, da na gama ya yi tsaki.

Ya ce, "Ishaku, shekara nawa ana danne mu a jihar nan? Hanyar garinmu in damina ta sauka ko jaki ba ya bi. Matanmu suna mutuwa a hanyar asibiti. Yanzu Allah ya ba mu mutum mai tsayawa gaban manya ya yi magana a ji, kai kuma za ka kayar da shi saboda wasu da ko sunansu ba ka sani ba?"

Na ce, "Yaya, su ma matan wasu ne."

Ya ce, "Na ce ba matan wasu ba ne? Za ka tashe su ne? Aikin soja ne, ana kuskure. In ba za ka iya yabo ba, to kama bakinka. Zan ce maƙogwaro ke damunka. Abin da na roƙe ka ke nan a matsayina na wanda ya goya ka."

Kai Bulus kana ɗaki, ka ji sama-sama, ka fito da takardarka a hannu kana kallona. Shekarunka goma sha tara, ka yi wata shida kana gudu kowace safiya har gadar kogi kana shirin gwaji. Na kalle ka, na kalli uwarka, na ce wa Yaya Markus na yarda, zan yi shiru. Wannan ne abin da ba wanda ya gaya muku. Ban je Trikania da niyyar tona kowa ba. Na je ne in zauna a baya in sake haɗiye abin, karo na biyu.

A wani aji na makarantar firamare muke taro, bayan an tashi sujada. Ranar ajin ya cika har tagogi, manya sun takure a bencin yara. Na zauna can ƙarshe kusa da ƙofa. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, Yaya Markus ya ba da uzurina kamar yadda muka shirya. Da Dauda ya bar shi a haka, da yau ba na wannan rubutun. Amma daɗin tafi ya riga ya shiga kansa. Ya ce tunda ɗan'uwansa ba shi da murya, shi zai faɗa a madadinsa. Wannan karon 'yan fashin sun zama jirgi biyu. Ya kwaikwayi ƙarar bindiga da baki, mutane suna dariya. Ya ce ya aika su ƙarƙashin ruwa su je su yi wa kifi fashi. Sannan ya leƙo baya ya ce, "Ishaku, ko da kai ne ka gyaɗa mana, haka aka yi ko ba haka ba?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa tsakanin bencina har gaban allo, na ɗauki guntun alli a kan teburin malami. Lissafin yara na ranar Juma'a yana nan a gefe ba a goge ba. Na zana babban da'ira, na sa ɗigo a tsakiya, na ce wannan mu ne. Na sa ɗigo huɗu a manne da juna ta hagu, na ja layi ya gitta gaba. Na bayyana musu kamar yadda na bayyana muku a sama, minti uku-uku, abin da tazara take nufi, abin da layi yake nufi. Na zana musu a ɗaya gefen yadda jirgin 'yan fashi yake fitowa in da gaske kanka ya nufa, don su ga bambanci da idonsu. Na ce jirgi ɗaya ne, na katako, mata ne za su kasuwa da kifi da ayaba, na gaya wa wannan mutumin sau biyu kafin ya ba da umarni, kuma shida suka mutu.

Na ajiye allin a kan teburin, ana jin wani coci a nesa yana kiɗa. A wannan lokacin na ɗauka gaskiya ta yi aikinta. Sai wani daga taga ya ce 'yan adawa sun saye ni. Wani ya ce hassada ce, tare muka yi aiki shi ya zama Kwamanda ni ina gyaran waya. Hayaniya ta tashi. Dauda ya ɗaga hannu aka yi shiru. Fuskarsa ko gezau, har da ɗan murmushi.

Ya ce, "Ishaku, akwai rahoto a kan wannan rana. Sa hannun wa ke ƙasansa, a wurin mai kula da rada?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "To gaya wa iyayenmu da ke nan, yaushe ka yi ƙarya? Wancan lokacin ko yau?"

Na ce, "Wancan lokacin."

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun ji da bakinsa. Maƙaryaci ne, shi ya faɗa."

Yaya Markus ya taso, bai kalle ni ba, ya cire hularsa ya goge allon da ita, har da lissafin yaran. Samari biyu suka kama ni ta kafaɗa suka fitar da ni. Faston da ya buɗe taro da addu'a yana zaune yana duba agogonsa. A waje na hango ka, Bulus, ka juya baya kana tafiya wajen titi, na kira ka ba ka waiwaya ba.

Abin da ya biyo baya kun gani, sai dai ba ku san tsarinsa ba. Ƙungiya ta cire sunana. Yaya Markus bai sake taka ƙofar gidana ba har ya mutu, kuma ranar binne shi a ƙauye aka hana ni cewa komai a bakin kabari, ni da muka sha nono ɗaya. Ka ci jarrabawarka, ka ci gudu, sunanka bai fito ba. Ko Dauda ne ya sa hannu a ciki, ko kuwa rashin mai tsaya maka ne kawai, ban sani ba, kuma ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne da na gyaɗa kai ranar nan, da wataƙila ka shiga. Wannan nauyin nawa ne, ban taɓa musu ba. Na rubuta wasiƙa zuwa ofisoshi uku na sabuwar gwamnati, na ce ga ni, a hukunta ni tare da shi. Ko takardar cewa an karɓa ban samu ba. Dauda ya ci zaɓe da rinjaye.

Har yau in na tuna, ba Dauda ne ya fi ƙona mini rai ba. Shi na san abin da yake karewa. Mutanenmu ne. Mu da kowace Lahadi muke kuka a gaban Allah cewa ana zaluntarmu, ana kashe namu ba a hukunta kowa, an mai da mu kamar ba mutane ba. A ajin nan akwai malaman makaranta, akwai nas-nas, akwai dattawan coci. Sun gane zanen nan sarai, na ga idanunsu. Babu ko ɗaya da ya tambaye ni sunan garin, ko matan sun bar 'ya'ya. Daga baya wasu sukan tare ni a hanya su ce a asirce, Malam Ishaku mun san gaskiya ka faɗa, amma lokacin ne bai dace ba. Waɗannan sun fi ba ni haushi a kan masu zagina. Na tambayi ɗayansu wane lokaci ne zai dace, ya ce in gaishe da gida.

Mahaifiyarku ta yi wata biyu ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Takan ajiye abinci ta tashi. A lokacin ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, shekara tara tana riƙe da su, kuma kun san yadda take ji da wannan aiki. Bayan an rantsar da Dauda aka shirya sujadar godiya, aka kawo wa zumunta atamfa mai hotonsa, kowace mace ta ɗinka, su shiga gabansa suna waƙa, shugaba a kan gaba. An gaya muku ciwon gwiwa ne ya sa ta sauka daga shugabanci a wannan watan. Ita ta ce a faɗa muku haka, ni kuma na bi ta. Gwiwarta lafiya lau take. Ranar Alhamis da aka raba atamfar, ta karɓi tata, ta ninke, ta ajiye a kan tebur gaban matar fasto da mata fiye da hamsin, ta ce ita ba za ta ɗaura fuskar mutumin nan a jikinta ta yi rawa a gidan Allah ba. Suka ce to sai ta ba da wuri. Ta cire makullin akwatin zumunta daga bakin zaninta ta ɗora a kan atamfar ta fito. Ƙawayenta na shekara ashirin ba wadda ta biyo ta.

Ina zaune a ƙofar ɗaki ina gyara wata tsohuwar fanka ta shigo, tun lokacin tashinsu bai yi ba. Ta tsaya a kaina ta gaya mini abin da ta yi, a taƙaice, kamar mai ba da saƙon wani. Na miƙe zan kama hannunta, ta janye.

Ta ce, "Kada ka ɗauka na huce. Ba don kai na yi ba. Ni ma 'yar kasuwa ce, uwata ma da kwando a ka ta tashe ni."

Na ce, "Maman Bulus, na gode."

Ta ce, "Riƙe godiyarka. Shekara shida kana cin tuwona kana kallon idona da wannan abu a cikinka. Da ka gaya mini tun ranar da ka dawo, da ni na raka ka garin matan nan da ƙafata."

Ta shiga ɗaki ta sauya zani, ta fito ta hura wuta. Da abinci ya nuna ta zuba a kwano ɗaya, ta ajiye tsakaninmu, ta zauna. Muka ci tare.